Keken doguwar tafiya: duba lambar taya kafin ka biya kuɗi

Duk wanda yazo min da maganar yanaso ya sayi keke ya buga doguwar tafiya, irin ace Kano zuwa Zinder ta Daura da Matameye, abu na farko da nake tambayarsa shine, in tayarka ta yage a wani ƙauye da azahar, a ina zaka samu wata? Mutane kalar keke da yawan giyarsa suke kallo, amma wallahi taya ce take ajiye mutum a bakin titi.

Ga inda rikicin yake. Inci ɗin da ake faɗa a baki, 26 ko 28, baya nuna ainihin girman rim. A gefen yawancin tayoyi akwai wata lamba guda biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 47-559, ta farkon faɗin taya ne a milimita, ta biyun kuma girman rim, ita zaka riƙe. Tayar 26 ta keken mawntin 559 ce. Wadda ake cewa 27.5 ita ce 584. Wadda ake cewa 700C, irin ta kekunan kwalta, da ta 29 duk rim ɗaya suke hawa, 622. Sannan tsohon keken nan namu na iyaye da kakanni, irin Raleigh da Phoenix mai birkin ƙarfe, shi tayarsa 28 ce amma 635.

To nan na taɓa cin wuya. Na sayi wani keke ɗan kwatano mai kyau, an rubuta 28 a jikin tayar, nace shikenan ai 28 ko a kasuwar ƙauye akwai. Ranar da gefen tayar baya ya tsage na turo keken har gurin wani mai gyara a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya ɗauko sabuwar 28 ya zura sai gata tana lilo a rim kamar yaro ya saka rigar babansa, ashe tawa 622 ce, Turawan Jamus da Holan suma 28 suke ce mata. Milimita 13 kacal, amma ba dabarar da zata sa ta zauna. Da guntun tsohuwar taya muka toshe wajen daga ciki na lallaɓa.

Shiyasa ni 26 ɗin nan mai 559 nake ba mutane shawara. Sifok ɗinta gajeru ne, wilin yafi jure kaya, kuma da yake kekunan mawntin na hannu sun cika gari tayar da tif ɗinta basa wuyar samu. Mai 622 tafi daɗin gudu a kwalta mai kyau, ban musa ba, dogon mutum ma yafi sakewa a kanta, amma in ita ka zaɓa to ka ɗaure sifiya ɗaya a kariya. Ita 27.5 ka barta kawai. Faɗin taya ya zama inci 1.75 zuwa 2, siririyar nan ta ƴan tsere yashi ɗaya zata gani ta nutse, ga tsidau a gefen hanya yana jira. In aljihu da nauyi Schwalbe Marathon tana da wani kauri a ciki da yake tare ƙaya.

Ƙirga sifok, 36 kake nema musamman a baya inda nauyi yake. Duba bawul ma, ka nemi mai kauri irin na mota da babur, kowane mai faci zai iya sa maka iska. Siririn nan Presta sai da ɗan adafta, in ya ɓata ka shiga uku.

Jikin keke kuma ƙarfe yafi, in ya tsage mai walda na bakin tasha zai ɗinke maka, alminiyom kuwa ba kowa ke iya waldarsa ba. Ka guji mai shoka a tsakiya, ƙarfinka yake sha kuma ba wajen ɗaura kariya. Birki na waya, ba mai mai ba. Giya ana so akwai mai laushi sosai saboda hawa da iskar hunturu in tana bugo ka ta gaba, amma kar yawan giya ya ruɗeka, wani Bajamushe Heinz Stücke ya bar gida a 1962 ya shafe kusan shekara 50 yana zaga duniya da keke mai giya uku.

Wajen gwaji, ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai kamar yatsa biyu zuwa uku tsakaninka da sandar sama. Hau sirdi ka ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sak, in gwiwa a lanƙwashe take ɗaga sirdin. Kafin ranar tafiya ka loda duk kayan da zaka ɗauka harda jarkar ruwa, kayi kamar kilomita 40 ka dawo, inda zaiyi ƙara ko ya dameka a nan zai nuna, ka kai wa mai gyara ya ƙara ɗaure sifok.