Kurakuran da aka fi yi wajen tsintar fayafan CD na waƙa a kantin gwanjo

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin masu sayen faifan CD na gwanjo shi ne duba gefe ɗaya kawai. Mutum zai ciro faifai, ya juya gefen mai sheƙi, ya ga babu ƙarce, ya biya. Alhali waƙar ba a nan take kwance ba. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, kusan dukansa roba ce garau wadda hasken leza ke ratsawa. Ƙananan ramukan da ke ɗauke da sauti suna can sama, an shafe su da alminiyam siriri, sai ɗan fenti na kariya, sai rubutun da aka buga a kai. Abin da ya raba waƙar da farcenka ta gefen rubutu bai kai kaurin gashin kai ba. Ƙarce a gefen sheƙi yana gyaruwa. Wanda ya ci gefen rubutu kuwa ya kankare waƙar ce kanta, babu injin da zai dawo da ita.

Gwajin ba wuya. Kunna tocilar waya, ka sa ta a bayan faifan ta gefen rubutu, ka duba ta gefen sheƙi. In haske ya ɓullo a layi, mayar da shi inda ka ɗauko. Ɗigo ɗaya ko biyu kamar tsinin allura ana yawan samun su a fayafan shekarun 1980, tun daga masana'anta suke, galibi ba sa hana faifai aiki. In sun yi yawa kamar an watsa yashi, alminiyam ɗin ne ya fara lalacewa.

A gefen sheƙi ma mutane kan ƙirga yawan ƙarce, maimakon su duba inda ya dosa. Ana karanta CD ne daga tsakiya zuwa baki, a layi guda mai kewayawa. Ƙarcen da ya taso daga tsakiya ya nufi baki yana tsallake layin ne, ɗan kaɗan yake ɓatawa a kowane zagaye, tsarin gyaran kuskure na na'urar kuma ya cike giɓin. Ƙarfin wannan tsari bai wuce kimanin milimita biyu da rabi a jere ba. Saboda haka ƙarce guda mai lanƙwasa da ya bi zagayen faifan ya fi ƙarce ashirin miƙaƙƙu illa, shi ne ke sa waƙa tsalle ko ta maƙale tana maimaita gaɓa ɗaya. Mafi muni shi ne wanda ke dab da tsakiya, domin a nan jadawalin waƙoƙin yake. In ya lalace, na'ura za ta ce babu faifai a cikinta ko da sauran fes yake.

Duba ramin tsakiya da kyau. Tsaga ko ƙanƙanuwa ce ba ta tsayawa inda take. Na'urar sauraro tana juya faifai sau 200 zuwa 500 a minti, amma ta kwamfuta tana kai dubbai, faifai mai tsaga na iya tarwatsewa a ciki ya haɗa da na'urar.

Launi ma yana magana. Faifan da ya fara komawa ruwan tagulla daga baki yana shigowa ciki, ruɓewa yake yi. An san wannan matsala da fayafan da masana'antar PDO ta Blackburn a Ingila ta buga tsakanin 1988 da 1993, sunan masana'antar yana rubuce a zoben tsakiya. Da yake daga baki abin ke farawa, waƙoƙin ƙarshe ne ke fara shan ƙara. Wanda ya gwada waƙar farko kaɗai a kanti ba zai gane ba, ta ƙarshe ake fara gwadawa.

Sai jabu. Faifan da aka buga a masana'anta ƙasansa ruwan azurfa ne, akwai lambobi a zoben tsakiya. Wanda aka kwafa a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, in ka karkata shi za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Daga 1994 masana'antu da yawa suka fara sa ƙaramar lamba mai farawa da IFPI a zoben. Amma kada rashinta ya sa ka yar da tsohon faifai, waɗanda suka riga wannan shekara ba su da ita, kuma sau da yawa su ne abin nema.

Wasu kuma kwalin ke ruɗarsu. Su bar faifai mai kyau don murfin roba ya fashe, su ɗauki mai sheƙin murfi ba su buɗe ba. Murfin roba ana canza shi cikin minti ɗaya. Abin da ba a samun madadinsa shi ne ɗan littafin ciki da takardar baya, sai kwalin takarda mai manne da roba. Buɗe kowane ɗaya, ka tabbata sunan da lambar da ke jikin faifan sun yi daidai da na gefen kwali, don musanya ba ta da wuya a kayan gwanjo. In mai faifai biyu ko uku ne, ƙirga su. Tsofaffin akwatuna masu ɗan soso a ciki a yi hattara da su, soson kan narke ya manne a gefen rubutu ya ci fentin.

Wajen zaɓen bugu ne ake yin kuskuren da ba a gani da ido. Ba kowane sabon bugu da aka ce an sake tace sautinsa ne ya fi na farko ba. Da yawa daga waɗanda aka fitar tun ƙarshen shekarun 1990 an matse sautinsu don ya yi ƙarfi, sai tazarar da ke tsakanin sanyin kiɗa da tashinsa ta ɓace, kunne ya gaji da wuri. Fayafan da ke tattara shahararrun waƙoƙin mawaƙi a farashi mai sauƙi kuma, wasunsu sake rerawa aka yi bayan shekaru. Karanta ƙananan rubutun baya: shekarar da ke gaban alamar ℗ ita ce wadda aka fara fitar da sautin da ke cikin faifan. Sanya lambar kwalin a Discogs, shafin intanet mai jera bugun fayafan waƙa, zai nuna maka wane bugu ne a hannunka da yadda ake sayar da irinsa. Akwai kuma fayafan farkon shekarun 2000 masu kariyar hana kwafi, waɗanda kan ƙi aiki a mota ko kwamfuta. A 2005 an kama wasu na Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutoci masu Windows. Faifan SACD kuwa, wani nau'in faifan waƙa ne mai kama da CD, ba ya aiki a na'urar CD sai in mai hawa biyu ne, wato hawa ɗaya na CD ne.

A gida ne ake ƙarasa ɓata faifan da ya tsira a kanti, da gefen riga, ana gogewa ana zagayawa. Wannan shi ke haifar da ainihin ƙarcen nan mai lanƙwasa. Wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, ka tsane da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Kada fetur ko tina su kusance shi, suna cin robar. Sitikar da aka manna a gefen rubutu kada ka fizge ta, tana iya tahowa da alminiyam. In faifan na bukatar gogewar inji, a yi sau ɗaya, domin kowace gogewa roba take ragewa.

Tambayi mai kanti kwana nawa yake karɓar kayan da aka dawo da su tun kafin ka biya. Ranar da ka kai gida ka kwafe faifan a kwamfuta da manhaja irin Exact Audio Copy, ka adana a tsarin FLAC wanda ba ya rage ingancin sauti. Manhajar za ta nuna maka waƙar da ta kasa karantuwa da daidai daƙiƙar da matsalar take, ka ga kana da abin nuna wa mai kanti kafin wa'adin ya cika.