Kurakuran da ke sa ɗalibi ya yi asarar shekara a jami'a

Duk shekara in lokacin furojet, wato binciken kammala digiri, ya kama, sai ƙannena 'yan ajin ƙarshe su dame ni da waya, wani daga jami'ar da ke Kalgo, wani daga ta Aliero, kuma kurakuran kullum iri ɗaya ne.

Babbansu shi ne kwafar aikin wani, kuma ni ya ci ni. Bincikena a kan manoman shinkafar Argungu ne, amma babi na biyu kacokan na ɗauko shi daga wani tsohon furojet da mai shagon kwamfuta ya sayar min. Na bi na canza sunan gari da shekaru. Ranar kare aikin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe wani shafi, ya turo min, ya ce in karanta da ƙarfi. "Jihar Oyo" na zaune daram a tsakiyar layi. Abokaina suka tafi bautar ƙasa, ni na maimaita shekara, mahaifina ya fitar da shinkafar da ya ajiye don cin gida ya sayar, aka sake biyan kuɗin rajista. Har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci.

Yanzu ma ba sai malami ya sa ido ba, manhajar Turnitin na gwada rubutunka da abin da ke intanet da ayyukan da aka taɓa shigar mata. Kuma canza kalma biyu ko uku bai wanke ka ba, tunanin na mai shi ne. Ni dai tun daga nan in na karanta abu, sai in rufe littafin, in rubuta abin da na fahimta da biro, in sa sunan marubucin da shekara da shafi kafin in tashi daga wurin.

Sai masu zama a ɗaki su cike takardun tambayoyi ɗari da biro kala uku. Kai ɗan'uwa, ba ka jin kunya? Ka ce ka je Jega ka tambayi 'yan kasuwa alhali ko tasha ba ka leƙa ba? Ƙarya ce ka ɗora wa bayin Allah. In mutum arba'in ka samu, rubuta arba'in, ka gaya wa malamin da ke duba aikinka dalili.

Manhajar ChatGPT mai amsa tambayoyi na ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, don haka duk wanda ban gani da idona ba, ba na sa shi. Sa wa aboki hannu a takardar halartar aji ma laifi ne. Satar amsa kuwa, ban da kora, dokar hana maguɗin jarabawa ta 1999 ta tanadar mata tara ko ɗauri. Waya ko a kashe take, in aka same ta a aljihunka a ɗakin jarabawa kwamitin ladabtarwa za ka fuskanta, shi ya sa nake barin tawa a gida.