Yadda Ake Kai Ƙananan Yara Ziyarar Tsofaffin Fadoji

Magidancin da ke zaune a Maradi, in yana son 'ya'yansa su ga gine-ginen sarauta, ya fara da na kusa, wato fadar Sarkin Katsinan Maradi ko ta Sarkin Gobir da ke Tsibiri. Fadar Sarkin Damagaram da ke unguwar Birni, wadda ta samo asali tun ƙarni na 19, ta cancanci tafiya, sai dai nisanta ya haura kilomita 200, don haka gara a shirya kwana a can.

A fita da sanyin safiya, musamman a lokacin bazara, a riƙe ruwan sha da fura ko dabino. Idan an isa ƙofar fada, a gaida dogarai, a faɗi abin da ya kawo mutum, kuma kada a ɗauki hoto sai an nemi izini, domin gida ne da ake zaune a cikinsa, ba kango ba. A koya wa yara cire takalma da durƙusawa tun daga gida, tun da yaro bai san fada ba balle ladabinta.

A ciki, a nuna musu kaurin bango da zanen da magina suka yi a jikinsa. A hana su hawan katangar ƙasa, musamman bayan damina, lokacin da ruwa ya zaizaye gindinta.