Kafin ki kira kafinta: yadda zaki tsara kicin ɗin zamani da zai jure girkin Kano

Duk wadda ke shirin gyaran kicin yanzu zaki samu wayarta cike da hotunan da ta kwaso a Instagram da Pinterest, farin kabinet tas, fitilu na reto daga sama, ko cokali ɗaya ba'a gani a fili. Suna da kyau kam ba musu. Amma fa masu irin wannan kicin ɗin basa tuƙa tuwon gida guda, basa soya manja, basa daka daddawa a turmi, kuma ƙurar hunturu bata shigo musu ta taga. Toh ni dai shawarata 'yar uwa, ki fara da irin girkin da kike yi da yanayin garin nan, ado ya biyo baya.

Zauna ki tambayi kanki, mutum nawa ake dafawa abinci a gidan, ke kaɗai ce ke shiga ko harda 'yar aiki da yara, ya gidan yake kasancewa da azumi ko ranar suna. In gidan yanzu ake gina shi ki roƙi maigida a fitar miki da 'yar rumfa a baya kusa da ƙofar kicin, a sa famfo da ɗan dakali. Nan ne wajen kurfoti da gawayi, nan ne wajen turmi da babbar tukunyar taro, figar kaji, wankin kayan ciki da babbakar kai da ƙafa lokacin layya. Daka a kan tayil fasa shi yake yi, wannan kowa ya sani. In kina da wannan rumfar sai kiga kicin ɗin ciki ya daɗe da kyansa. Shi kuwa kicin ɗin da ake buɗe shi cikin falo ba bango, ni ban ga ta inda ya dace damu ba gaskiya, abokan maigida na zaune ke kina tsaye kina soya albasa, ga ƙamshi da ƙauri duk sun kama labule da kujeru. In kin matsa sai kinyi, a sa ƙofar gilashi mai turawa ko a yanka 'yar taga ta miƙa abinci kawai.

Abu uku ne zaki yini kina zirga-zirga tsakaninsu, wajen wanke-wanke, gas da firij. Kar suyi nisa da juna, kar kuma a manna su. Firij kusa da wuta wahala yake sha, balle a zafin watan Afrilu da Kano ke haura digiri 40. Ki bar fili gefen gas hagu da dama inda zaki sauke tukunya, ki bar fili tsakanin gas da sink domin nan ne zakiyi yanke-yanke. In ɗakin ƙarami ne a jera kanta, wato teburin aikin kicin, a bango biyu kamar harafin L, in da faɗi a zagaye bango uku, amma tsakiya kar ya gaza mita 1 ko 1.2 don mutum biyu su iya gifta juna. Tebur ɗin tsakiyar nan da ake yayi sai kicin mai girma sosai, in ba haka ba kullum cikin bugun ƙugu kike.

Sai maganar tsayi, nan ne ake yiwa mata da yawa ta'asa. Ma'aunin da aka saba shine tsayin kanta santimita 85 zuwa 90, faɗinta 60. Wannan yayi daidai in gas ɗinki irin wanda ake yanka kanta a binne shi ne. Amma in na ɗorawa ne, kika ɗora shi akan kanta mai 90 sannan kika ɗora tukunyar tuwo, toh bakin tukunyar ya kusa ƙirjinki, ta ina zaki juya muciya? Ki sa a sauko da wajen gas ɗin kamar da santimita 15, ko ki ware lungu guda inda zaki ajiye gas mai kai ɗaya a ƙasa da kujerarki 'yar tsugunno, ranar tuwo ki zauna ki tuƙa abinki hankali kwance. Ki tsaya da kanki a auna da tsayinki, kar ki bari birkila ya auna da nashi.

Kar a manna tayil ko ɗaya sai falamba da mai wayarin sun gama. Ki lissafa duk abinda zaki jona, blanda, butar lantarki, maikirowef, firij, firiza, injin gashi, sannan ki ƙara soket biyu akan lissafin. Oben na lantarki da manyan kaya suna son soket mai amfiya 15 da layinsu daban. A nisanta soket da famfo. In akwai sola a gidan a ja wa firij da fitilar kicin layi daga inbata, tunda wutar KEDCO bata da alƙawari. Ruwa ma haka, ko da burtsatse da tanki a sama ki bar gurbin durom ko jarkoki, ranar da famfo ya ɗauke sai 'yan garuwa. Sannan a yi magudana a ƙasa a ɗan karkata daɓen wajenta, kina wanke kicin ruwan ya tafi da kansa.

Kabinet kuma, kar kyan fuska ya ruɗe ki, ki tambayi da wane katako za'a yi. MDF yafi araha amma baya shiri da ruwa, yana jiƙewa sai ya kumbura ya fara ɓarɓashi, kuma ƙarƙashin sink dole wataran ruwa ya ɗiga. HDF ya fishi ƙarko, marin bod ya fi su jure danshi. Na alminiyom kuwa ba ruwansa da gara ko ruwa, sai dai wasu na cewa kamar shagon magani, duk da yanzu akwai masu launin katako da sai kin taɓa zaki gane. Ni abinda nafi so shine a zuba dakalin kankare, a shimfiɗa giranait a sama, a sa ƙofofi a ƙasa, wannan ko kin dire tukunya mai nauyi ko gezau. In kuma duk na katako ne a ɗaga shi daga ƙasa da ƙafafu kamar santimita 10 saboda mofa. Mabul yana da kyau amma baya son tsami, lemon tsami, tsamiya, tumatir duk suna cin fuskarsa, ga manja da kurkum su bar masa tabo. Giranait mai duhu-duhu yafi rufin asiri. Ki bi kafinta Na'ibawa 'Yan Katako ko ki tura wanda kika yarda dashi, tayil da sink da kan famfo kuma ga Ƙofar Ruwa nan da Sabon Gari. Kar a yi rowa wajen hinji da ƙarfen durowa, su ne ke fara mutuwa.

Iska ba abin wasa bace. Taga babba, da raga saboda ƙuda da sauro, in da hali biyu masu kallon juna. A sa fankar bango mai zuƙe hayaƙi ta fitar waje. In zaki sa na'urar zuƙe hayaƙi ta saman gas, a rataye ta santimita 65 zuwa 75 daga kan wutar kuma a fasa bango a fitar da bututunta, wasu maƙala ta kawai suke yi don ado maiƙon yana nan yana yawo a ɗaki. Fankar sama daidai kan gas tana kaɗa wuta, gas ya ƙare abinci bai dahu ba. Silin roba kuma narkewa yake in wuta ta tashi, gara fiyofi (POP), wato silin filasta.

Tukunyar gas dan Allah a fitar da ita waje, a yi mata keji mai inuwa da iska a zuro tiyo ta bango. Gas yafi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya, kinga wadda ta kulle silinda cikin kabinet ta tara wa kanta masifa bata sani ba. Ki riƙa shafa ruwan kumfa a mahaɗar tiyo da regileta, in yayi ƙwai-ƙwai akwai yoyo. Kika shigo kikaji wari kar ki taɓa makunnin fitila, kar ki ƙyasta ashana, buɗe tagogi ki rufe kan tukunyar gas ɗin. Tiyo ya fara tsagewa a canza, ba'a ɗaure shi da leda.

Sito ko ƙarami ne ki nema, mu da muke sayen shinkafa da masara buhu-buhu daga Dawanau ko Singa ba durowar da zata ɗauke mana. Buhu a ɗora akan katako a janye shi daga bango, gari da wake a juye a roba mai murfi saboda ɓera da ƙwari. Albasa, doya, dankali su iska suke so, kwando mai hawa-hawa ya ishe su.

Yanzu ado. Launi biyu ko uku ya wadatar, mai haske a bango da kabinet na sama, mai ɗan duhu a ƙasa inda hannu da ƙafa ke taɓawa. Tayil ɗin bango manya sunfi sauƙin gogewa domin layukan da maiƙo ke maƙalewa basu da yawa, na ƙasa kuma kar ki yarda da mai sheƙi, ruwan kuɓewa ya zuba akai sai dai wani ikon Allah. Siririyar fitila ƙarƙashin kabinet na sama tana ƙawata waje kuma kiga abinda kike yankawa. Kantoci a buɗe kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu zaki gane kurenki, kullum goge ƙura, gara ƙofar gilashi, ana ganin kayan ƙura bata hau ba.

Amare, nasan 'yan jere basa son a bar komai a kwali, duk kula da dina set da tukwane sai an baje su dangin ango sun gani. A yi na ranar, amma bayan biki ki tattare, ki bar abinda kike amfani dashi kullum. Kwalabe iri ɗaya na kuka, yaji, daddawa, busasshiyar kuɓewa da kanwa a jere su kansu ado ne. Ki shiga Kurmi ki samo faifai masu launi, ƙwarya mai zane da akushi ki rataya a bangon da yake nesa da wuta, robobi kuma Ƙofar Wambai. Ɗan tukunyar na'ana'a a bakin taga ma yana kyau, ga na shayi a kusa. Dogon labule dai banda shi a kicin.

In kuɗin bazai kai duka ba a fara da famfo, wayarin, dakali da tayil, kabinet na sama zai iya jira har baɗi. Kuma ki sa kafinta ya rubuta ma'auni da irin katako da ranar kawowa a takarda, a bashi na kayan aiki, cikon kuɗin sai ya kafa kin buɗe kowace ƙofa kin ja kowace durowa kinga tana tafiya daidai.