Kafin ku sayi faifan fim ɗin ban tsoro

Masu son tsofaffin finafinan ban tsoro na ƙananan kamfanoni, kar ku aika kuɗi sai an turo muku hoton bayan kwalin.

Ku dubi lambar yanki, wadda ke nuna na'urorin wane sashe na duniya ne ke iya kunna faifan. DVD na Amurka 1 ne, na Faransa 2, Nijar kuwa 5. Mai 0 ko ALL ba ya zaɓen na'ura. A Blu-ray mu da Turai duk B ne, na Faransa ya yi mana.

Sai ku dubi mintunan tsawon fim ɗin, don an sha yanke wuraren jini a irin waɗannan finafinai. Amma in minti 90 ya koma 86 a faifan PAL (tsarin bidiyon DVD na Turai), ba yanka ba ne, saurin hoto ne.

Faifan kwafi na kasuwar Maradi fa, kwalinsa ba shaida ba ne. Ku sa mai shago ya kunna muku.