Babi na Bakwai: Fure a Cikin Jeli

Ranar da aka fara kawo jeli mai fure ajinmu, wata dattijuwa ta ɗaga kofin, ta duba ta sama, ta duba ta ƙasa, ta ce, "Malama, ta ina kika cusa furen nan?" Na ce, "Inna, ba fure ba ne, madara ce." Ba ta yarda ba sai da ta sa cokali ta ɗanɗana.

Jeli ruwa ne mai zaƙi da ake sa wa gari ya daskare, ya tsaya kamar kafaffen koko, amma garau, ana hango abin da ke cikinsa. Zana fure a ciki da allura sana'a ce da ta yi suna a ƙasashen Meziko da Biyetnam. Kayan aikinta ba su fi ƙarfinmu ba.

Wane gari za ki saya?

Iri biyu ne. Akwai jalatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba. Wani na saniya ne, wani na kifi, wani kuma na alade, don haka sai an karanta jikin ledar an ga alamar halal. Ga amfanin karatu nan tun ba a je ko'ina ba. Jalatin yana son firji, kuma yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 35. A bazarar Kano da Jigawa, da zafi kan wuce digiri 40, kafin ki kai shi gidan suna ya koma ruwa.

Na biyun shi ne aga, a jikin leda za ki ga an rubuta agar-agar. Daga wata jar ciyawar teku ake yin sa, mutanen Japan sun daɗe suna cin sa. Yana daskarewa da kansa idan ya huce ƙasa da digiri 40, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen 85. Ke da ba ki da wutar lantarki, aga ne naki. A shagunan masu sayar da kayan kek a birni ake nemansa, sai ki ba mai zuwa Kano saƙo. Rubuta masa sunan a takarda da hannunki.

Sauran kayan: sukari, madarar gari, kalar abinci, ƙananan kofunan gilashi ko na roba masu haske, mataci mai tsabta, da sirinji. Sirinjin sabo za ki saya a kyamis, a cikin ledarsa, mai allura mai kauri. Wanda aka yi wa mutum ko dabba allura da shi, ko an dafa shi, kada ya kusanci abinci.

Ruwan jeli mai haske

Auna ruwa kofi biyu, wato rabin lita. Ruwan ya zama tatacce, domin duk ƙurar da ke ciki za ta fito fili. Zuba garin aga cokalin shayi biyu, a shafe, ba tsiri ba. Tun ruwan yana da sanyi za ki zuba ki dama, in ba haka ba ya yi gudaji. Ɗora a wuta kina juyawa. Idan ya tafasa, bar shi minti uku, domin aga ba ya narkewa sai ya tafasa sosai. Sa sukari babban cokali huɗu, ki kwashe kumfar sama, ki tace, ki zuba a kofuna. Kada ki cika, bar wuri kamar faɗin yatsa ɗaya. Rufe da faifai saboda ƙuda. Cikin awa ɗaya ya kama.

Ruwan fure

Kofi ɗaya na ruwa, aga cokalin shayi ɗaya, sukari babban cokali biyu. Dafa kamar na farko. Bayan kin sauke, sa madarar gari babban cokali uku, ki dama, ki tace. Madarar ce ke sa furen ya fito sarai a cikin ruwa mai haske. Nono ba ya yi, tsaminsa na tsinka haɗin. Raba shi a ƙananan kofuna, ki ɗiga kala: rawaya, ja, kore. Bar wani fari, za ki buƙace shi a ƙarshe.

Mata kan tambaye ni zobo. Yana ba da ja mai kyau, amma shi da madara ba sa shiri, sai ki ga ya yi tsaki-tsaki. In za ki yi da shi, to ban da madara, kuma bayan an sauke daga wuta za ki zuba, domin dafa aga da abu mai tsami yana rage masa ƙarfi.

Nan ne wurin da kowa ke faɗuwa da farko. Ruwan fure yana daskarewa da sauri, har a cikin allura. Saboda haka ki jera kofunan kalar a cikin kwano mai ruwan zafi, kwanon a gefen garwashi. Ajiye wani kofi na ruwan zafi zalla. Da kin ji sirinji ya yi tauri, kada ki danna da ƙarfi, zai fashe miki a zani. Zuƙi ruwan zafi ki feso, sau biyu, ya buɗe.

Zanen

A kife ake zana furen. Saman jelin da kike gani yanzu shi ne zai zama gindi idan an juye. Kina sokawa ta sama, kina ɗaga kofin kina leƙawa ta ƙasa don ki ga abin da mai ci zai gani.

Da cokalin shayi, ɗebe ɗan rami a tsakiya kamar girman gyaɗa. Duk sukar da za ki yi, daga ramin nan za ta tashi. Fara da rawaya: soka allura a tsaye, danna kaɗan kina zarowa, sau shida ko bakwai. Wannan shi ne zuciyar fure. Sai ja. Karkata allurar kaɗan, ki soka, ki kaɗa bakinta hagu da dama kamar mai fifita, kina dannawa a hankali. Kunnen fure ɗaya ya fito ke nan. Juya kofin, ki sake, har ki zagaye da biyar. A zagaye na biyu ki ƙara kwantar da allurar, kunnuwan su fi na farko tsawo, kowanne ya faɗa tsakanin biyu na ciki. Ganye shi ne na ƙarshe, da kore, allura kusan a kwance. Kalar da ta malalo sama, share ta da cokali kafin ta kama.

Mai zanen lalle ko ɗinkin hula ba ta daɗewa take gane hannun. Na farkon da na yi kuwa, yarana cewa suka yi gizo-gizo ne, kuma suka cinye.

Idan jelin yana tsagewa, aga ya yi yawa, ki rage kaɗan gobe. Idan kalar tana bazuwa, ya yi ruwa, ko kin danna da yawa.

Da kin gama, karci saman da cokali mai yatsu, ki zuba farar madarar nan da zafinta ta rufe ramin. In ta huce ba ta kamawa, sai ki juye ki ga gindi ya zame gefe. Bayan rabin awa, zagaya bakin kofin da wuƙa, ɗora faranti, ki kife.

Da sanyi ya fi daɗi. Sa kofunan a ƙaramar tukunyar ƙasa, ita kuma a cikin babba, ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa. Wannan dabara ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000. Amma tukunyar ba firji ba ce, kuma akwai madara a ciki. Abin da kika yi da safe, a cinye ko a sayar kafin dare.

Aiki

Idan ruwa kofi biyu yana cin aga cokali biyu da sukari cokali huɗu, nawa kofi shida zai ci? Rubuta amsar a littafinki. Rubuta kuma waɗannan kalmomi sau uku-uku: jeli, aga, sirinji, daskare. Mako mai zuwa kowa ta zo da kofi ɗaya mai haske da cokalin shayi.