Yadda za ka nemo takardar da ka buɗe daga saƙon Outlook

Ka buɗe takardar Word daga cikin imel, ka gyara, sai ta ɓace? Kada ka rufe Outlook tukuna, domin yakan goge irin waɗannan takardu idan an rufe shi.

1. Danna maɓallin Windows tare da R.
2. A cikin akwatin da ya buɗe, rubuta %LOCALAPPDATA%\Microsoft\Windows\INetCache\Content.Outlook, ka danna OK. A kibod ɗin AZERTY da muka saba da shi nan Damagaram, AltGr da 8 ke ba da alamar \, Maj (wato Shift) da ù kuma ke ba da %.
3. Shiga dosiye mai suna na haruffa da lambobi barkatai.
4. Jera takardun bisa kwanan wata. Wadda ke da (002) a sunanta ma ka duba ta.
5. Kwafe ta zuwa Documents ko kile USB nan take, kafin wuta ta ɗauke.